Hotunan da Baban Rahila Ya Rabar

Ƴan'uwa, ina gaishe ku da sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Haleluya! A'a, wannan amin ɗin ko bakin ƙofa bai kai ba. Haleluya!

Sunana Saratu, amma a nan Maman Rahila kowa ya sani. Waɗanda suka daɗe a majami'ar nan sun san wurin zamana, ga shi can kusa da taga, sun kuma san akwai lokacin da wurin ya zauna ba kowa. Yau na tashi in gaya muku inda na tafi, da yadda Allah ya dawo da ni. Wannan jakar da kuke ta kallo, ku yi haƙuri, za mu zo kanta.

Mu mutanen Dogon Dutsi ne. Aikin tuƙi ya kawo maigidana Yamai, shofer ne a wani biro, wato ofis, a unguwar Plato. Muka zauna unguwar Harobanda, hayin kogi, a gidan ƙasa da muka gina da guminmu. Can na haifi Rahila, can muka tsufa.

Baban Rahila, Allah ya zuba masa son hoto! In mai hoto ya shigo biki ko suna, kafin amarya ta gyara kallabi shi ya riga ya tsaya. Ya dafa motar biro ya ɗaga haɓa, ka rantse tasa ce. Ranar Noel kuwa, bikin haihuwar Almasihu, sai mun yi ado mun je an ɗauke mu, ko da miya tana kan wuta.

Kun san al'adarmu ta da. Baƙo ya zo, a ba shi ruwa, kafin abinci ya nuna a miƙa masa album ya riƙa buɗewa. To a gidanmu nan matsalar take. Da baƙo ya ce, "Kai, wannan ya yi kyau," sai ka ji maigida ya ce, "Ya yi maka? Ɗauka!"

Ni ina madafa ina tuƙa tuwo, sai in ji ƙarar leda ana zare hoto. Album ɗinmu ya koma kamar bakin tsohuwa, nan haƙori, nan giɓi.

In baƙo ya tafi sai in fito da muciya a hannu in ce, "Maigida, wai mi za mu nuna wa jikoki? Leda?"

Sai ya yi dariya ya ce, "Saratu, hoto a cikin akwati mi yake gani? Bar shi ya je ya ga gari."

Shekara da shekaru muna wannan faɗan, ban ci ba, bai bari ba.

Da Ubangiji ya kira shi gida, bayan ƴar gajeruwar rashin lafiya, na yi kuka kamar kowace mace. Amma ban faɗi ba. Na ɗauki album na sa a akwatin ƙarfe, na danna kwaɗo, na ce yanzu kam sai in ga mai ɗauka. Kowace safiya in na gama addu'a sai in buɗe in dube shi, in ce, "Ka ga, yau ma mun tashi." Rahila ta sha ce mini, "Mama, bari in ɗauke su a waya." Ni kuwa in ce gobe. Shi dai ya tafi tun kafin wayar shafa ta shigo gidanmu.

Sai daminar nan da kogin Isa, babban kogin nan na Yamai, ya cika ya batse. Ana ta cewa ruwa na tahowa, muna cewa ai kowace shekara haka ake faɗa. Ranar wata Lahadi ina nan, a wurin nan kusa da taga, ina tafi ina waƙa, sai wayata ta yi ta motsi a jaka. Hamsatu ce, maƙwabciyata Bazabarma, wadda katanga ɗaya ta raba mu. Ta ce, "Maman Rahila, ki zo, ruwa ya shigo!"

Kafin taksi ya haye gada da ni, an gama. Gidan ƙasa da ruwa, kun san labarin. Kwanon rufi kawai na hango, da masu jirgi suna kwashe mutane. Na gode Allah ba mu rasa rai ba a layinmu.

Da ruwa ya janye aka tono mini akwatin daga cikin laka. Na buɗe, ƴan'uwa. Shafuka sun manne, launi ya narke ya bi juna. Hoton aurenmu, abin da ya rage a ciki takalminsa ne da bakin zanena. Fuska ko ɗaya ba ta tsira ba.

Rahila da mijinta suka kai ni gidansu a unguwar Koira Kano. Gida na siminti, ga fanka, ga famfo a tsakar gida, ba abin da suka rage ni da shi. Amma na kwanta. Abinci ya ƙi shiga. Aka kai ni likita, suka ce tansiyon ce, wato hawan jini, suka ba ni ƙwayoyi. Kowa ya ɗauka gidan nake wa kuka, ni kuma na bar su a haka, don kunya ta hana ni faɗin gaskiya. Tsohuwa da ni, a ce hoto ya kwantar da ni?

Ga ainihin ciwon. In na rufe ido in nemi fuskarsa, ba ta zuwa. Ina jin muryarsa, ina ganin hularsa, har tarinsa na safe ina ji. Amma fuskar sai ta narke kamar ta cikin album. Mutumin da na zauna da shi tun ina yarinya! Sai na ji kamar ya sake mutuwa, kuma wannan karon ni kaɗai ce a wurin jana'izar.

Na yi fushi da Allah, ba zan ɓoye muku ba. Na ce, "Ina gidanka ina yi maka waƙa, ka bar ruwa ya shiga nawa? Ka ɗauke mutum, fuskarsa ma ba za ka bar mini ba?" Daga nan na daina zuwa sujada. Na daina addu'a. Littafina Mai Tsarki ya yi ƙura a kan tebur.

Matan zumunta ba su bar ni ba. In na ji sallamarsu sai in juya fuska ga bango in ja zane. Shugabarmu Maman Iliya, ga ta can tana dariya, ta tsaya a kaina ta ce, "Saratu, mai barci ba ya murza yatsun ƙafa. Mu dai addu'a za mu yi, in kin so ki ce amin a cikin barcin."

Haka suka yi ta zuwa, ba gajiya. An ce zumunta a ƙafa take, to ƙafafun matan nan sun sha yashin Koira Kano.

Da Noel ta matso, wata safiya suka zo suka yi addu'arsu. Da za su fita Maman Iliya ta ajiye atamfa a gefen gadona ta ce, "Ga zanen anko na bana. Ba mu cire ki ba. Wurinki na nan, ba wanda ya zauna."

Suka tafi. Na tashi na dubi atamfar nan. Ni na juya wa Allah baya, shi kuwa bai cire ni ba! Na sauko ƙasa, gwiwoyin nan da suka manta durƙuso suna ƙara. Na ce, "Ya Yesu, na gaji da fushi. Na gaji! Ko ba ka sake nuna mini fuskarsa ba sai ranar da za mu taru a gabanka, ni taka ce. Ka karɓe ni haka nan." Na yi kuka har atamfar ta jiƙe.

Ba a yi tsawa ba, ban ga wani haske ba. Kun san abin da ya same ni? Yunwa! Na leƙa na ce, "Rahila, akwai dambu da kopto, kwaɗon zogale, a gidan nan?" Yarinyar nan ta fita nemansa da takalmi wari da wari. Haleluya!

Da na ɗan ji ƙarfi na ce zan kai ɗinki da kaina. Muna da tsohon telanmu wajen kasuwar Wadata, Malam Isufu, Badamagare, Musulmi mai riƙon addini. Shi ya riƙa yi wa maigida ɗinki, amma tun rasuwar ban sake taka shagonsa ba.

Yana ganina ya tsayar da keke ya ce, "Ikon Allah! Uwargidan Malam Dauda? Ina kika shiga? Kai, kin rame, tsohon awo ba zai yi ba."

Ya duƙa yana neman abin awo a cikin ƙyallaye. Ni kuma na ɗaga kai ina kallon bango, inda teloli ke manna hotunan samfurin ɗinki. Ga mata da manyan ɗaurin kallabi, ga samari da jamfa. Sai ga wani a rataye a ƙusa, cikin firam, da babbar riga shuɗiya, ya dafa motar biro ya ɗaga haɓa, wushiryar nan a waje.

Na ce, "Yesu!" Na zauna daɓas a kan tarin ƙyallaye.

Shi ne, ƴan'uwa! Shi ne! Idanun nan, da tabon da ke goshinsa, da kunnen da hula ke lanƙwasawa. Duk suka dawo mini lokaci ɗaya. Ina kuka ina dariya, har masu shagunan kusa suka leƙo.

Malam Isufu ya ce, "Subhanallahi! Uwargida, lafiya?"

A nan, a shagon tela, na faɗi abin da ban gaya wa ƴata ba, ban gaya wa Fasto ba. Ya saurara har na gama. Sai ya hau kujera ya ciro hoton, ya goge shi da hannun rigarsa, ya miƙo mini da hannu biyu.

Ya ce, "Shi ya ba ni da kansa, ranar da na kai masa wani ɗinki gida. Kin yi muna tuwo da miyar kuka. Ina zare hoton kina harara ta daga madafa, na gani."

Na ce, "Malam, ashe ka gani?"

Ya ce, "Har yau ina jin zafin hararar. Amma uwargida, ai ba ni kaɗai ba ne. Wa ya shiga gidanku ya fita hannu banza?"

Ƴan'uwa, sai a lokacin kaina ya waye. Na fito shagon na kira Hamsatu na gaya mata. Ta ce, "Kala suru, sai haƙuri, ƴar'uwa, nawa ruwa ya ci tare da naki. Amma bar mini sauran." Wanda ya san Hamsatu ya san ba a bukatar gidan rediyo.

Sai hotuna suka fara dawowa gida. Wani tsohon shofer abokin aikinsa ya zo da kabu-kabu, ya kawo wanda suka ɗauka su biyu suna shan shayi a gaban biro. Mai naman unguwarmu ya aiko da na sunan Rahila, da ɗan tabon mai a gefe, ban goge ba. Ƙanwar maigida ta ba direban mota ambulan daga Dogon Dutsi. Har wanda ban san an taɓa ɗauka ba ya zo, ina barci a kujera baki buɗe, shi yana tsaye a bayana yana dariya. Wannan kam da yana raye da mun yi shari'a!

Sai ga Maman Iliya ta shigo ba ko sallama, ta ce, "Saratu, ke muguwa ce! Muna ta zuwa muna roƙon Allah ya ba ki gida, ashe maganinki na ƙasan akwatina? Don mi ba ki faɗa ba?" Ta kwance bakin zanenta ta fito da hoton aurenmu. Guda biyu aka wanke mana, ya ba ta ɗaya tun muna sababbin zuwa Yamai, na yi mako ban yi masa magana ba. Ga takalminsa, ga zanena, ga fuskokinmu duka biyu.

Ku duba ikon Allah! Waɗanda na kulle da kwaɗo, ruwa ya cinye. Waɗanda ya rabar ina faɗa, su suka tsira. Gaskiyar Bahaushe, alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Tun ina harara daga madafa Ubangiji yake yi mini ajiya a gidajen mutane, Kirista da Musulmi, don ya san ranar da zan nema.

Yau tansiyon ta sauka, likita da kansa ya ce in ci gaba da abin da nake yi. Ina ci, ina barci, na koma wurina kusa da taga. Gidan Harobanda bai tashi ba tukuna, amma ni na tashi.

Rahila ta ɗauke su duka a waya, wannan karon ban ce gobe ba. Ta kai aka wanke da yawa. Na farko na mayar wa Malam Isufu, don ba zan bar ƙusarsa ba kowa ba.

Ɗan'uwa, ƴar'uwa, in kana can ka juya fuska ga bango, ka ji ni. Allah bai cire ka ba. Ka gaya masa fushinka, ka gaya wa ƴan'uwa ciwonka, wataƙila maganin na ƙasan akwatin wanda ke zaune kusa da kai. Ka riƙe Yesu, ko da hannu na rawa.

Na gode wa Ubangiji da ya ɗaga ni. Na gode wa matan zumunta. Ɗaukaka ta tabbata ga sunansa!

To, yanzu ga jakar. Sabon album ne a ciki. In an tashi sujada ina bakin ƙofa, kowa ya zo ya buɗe ya kalla. Wanda ya ga wanda ya yi masa, kada ya tsaya kallon fuskata, ba harara yau. Ya yi maka? Ɗauka!

Amin.