Aron Murya a Tashar Kebbe

A garin Tambuwal, a tashar Kebbe, ana jiran mota ta cika, wata tsohuwa mai jan ƙafar dama ta yi sallama da baƙon harshe, ta zauna kusa da wata sa'arta mai sayar da daddawa.

"Sannu baiwar Allah," in ji mai daddawa. "Daga ƙasar Yarbawa kike?"

"Ke ma? A Kebbe aka yanke min cibi, sunana Atu! Shanyewar ɓarin jiki ta kayar da ni bara, na tashi da harshe kamar na baƙi. Likita ya ce ciwon kan taɓa wurin magana cikin ƙwaƙwalwa."

"Allah shi ƙara sauƙi."

"Hakkina nika nema. Ɗana Sa'adu yana Legas. In na kira shi, sai ya ce 'yar damfara ce, ya kashe. Ni da na goya shi! Ƙararshi za ni kai wurin kawunshi."

"Ya san kin yi ciwo?"

"Don ya baro aikinshi? Na hana kowa faɗi."

"Kira shi, ki ba ni in yi mishi bayani."

Atu ta kira, ta buɗe muryar wayar, ta miƙa mata. Mai daddawa ta yi sallama kawai.

"Inna!" in ji Sa'adu. "Ina kika shiga? Wata mata ta dame ni, wai ita ce ke!"

Mai daddawa ta miƙo wayar. Atu ta daɗe tana kallon wayar, sannan ta mayar mata da ita a hankali, ta yi ƙasa da murya.

"Ce mishi lafiyata lau. Tambaye shi ko shina cin abinci."