Yini Guda Kafin Bariki

A ƙarshe tela ya yarda zai kai ɗansa tsohuwar ganuwa da gidan tarihin soja a birnin da za su je, amma ban da ɗakin ƙarshe na gidan. Shawarar wata mai sayar da yadi ce, da suka haɗa benci a tashar mota ranar Asabar. Ɗan, wanda zai fara horon soja ranar Litinin, ya tafi sayen ruwa.

"Yini ɗaya gare mu a birnin, Hajiya," in ji tela. "Ina zan kai shi?"

"Ku fara da ganuwa tun rana ba ta yi zafi ba, sannan gidan tarihin. Akwai tsohuwar igwa a bakin ƙofa, ka ɗauke shi hoto a jikinta. Zai ce shi ba yaro ba ne. Kada ka kula shi."

Tela ya yi dariya. "Kamar kin san shi."

"Duk halinsu ɗaya. Ku ga takubba, ku ga tankar yaƙi. Amma ɗakin ƙarshe, na kayan waɗanda ba su dawo ba, ku wuce shi. Shi ko a jikinsa, kai ne za ka kasa barci."

"Kin shiga ke nan."

"Bara, da autana. Ni na raka shi, amma shi ya riƙo ni muka fito."

"Allah sarki. Yanzu yana ina?"

"Bakin iyaka." Ta duba wayar da ke cinyarta, ta kife ta. "Ya ce wurin ba sabis. Tun farkon damina dai bai kira ba."