Shafi'u da Sarewar Turawa

Ummukulthum: Salamu alaikum. Halo? Halo?

Kausar: Wa alaikumus salam. Yaya Ummu, ina wuni?

Ummukulthum: Wane irin wuni, ko kumallo ban gama karyawa ba? Ina kwana dai.

Kausar: Au, kullum sai na manta. Mu nan Kuala Lumpur mun yi la'asar tun ɗazu. Ina kwana, Yaya?

Ummukulthum: Lafiya lau, matar ƙanina. Ya gida, ya baƙunta? Ya ruwa?

Kausar: Ruwa ya yi gyara. Mu kam kullum cikin gyaran muke, yanzu ma tsawa ake.

Ummukulthum: Ya Walida? Ta fara Hausa ko har yanzu Malesiyancin ne?

Kausar: Tana nan, in yunwa ta kama ta sai dai ki ji "makan, makan". Ya ƙafar Iya?

Ummukulthum: Da sauƙi, tana takawa. Ai ina gidan ma tun Juma'a, ni nake mata gashi. Ya koronar taku? Mu nan Kano mun manta da ita.

Kausar: Mu har yanzu ba a shiga wuri sai da takunkumi. To... ya Baba?

Ummukulthum: Lafiyarsa ƙalau, ya fita zaure wajen abokansa. Ya Shafi'u, ya karatu?

Kausar: Alhamdu lillah. Yaya, Baba lafiya dai ko? Bai ce komai ba yau?

Ummukulthum: Ke, sau biyu ke nan kina tambayar Baba. Me ya faru?

Kausar: Kin buɗe wayarki tun jiya?

Ummukulthum: Yanzu na sa data. Kausar, kar ki tsinka min zuciya. Shafi'u ne? An kore shi? Korona ce?

Kausar: A'a wallahi, lafiyarsa lau, ya tafi makaranta. Kawai dai... ƙaninki ya hau dandamali jiya ya yi busa a gaban Turawa.

Ummukulthum: Ya yi bursa? Wace bursa kuma?

Kausar: Busa, Yaya! Busa! Sarewa!

Ummukulthum: Netwok ɗin nan fa. Na ji kamar kin ce sarewa.

Kausar: Ita na ce.

Ummukulthum: Shafi'un gidanmu? Mai digiri na uku? Inna lillahi. Tsaya in rufe ƙofa. To, ɗauko min daga farko.

Kausar: Kin san kiɗan nan da yake mutuwar so, na Keltik?

Ummukulthum: Na katifa?

Kausar: Keltik. Kiɗan gargajiyar mutanen Ailan da Sikotlan. Waɗanda mazansu ke ɗaura siket.

Ummukulthum: Au, wannan mai kama da kukan aljanu da yake sa mana a mota? Tun yana jami'a yake wannan haukan. Ai saboda shi Baba ya taɓa ƙwace masa rediyo.

Kausar: To shi. Wasu makaɗan can za su zo wasa nan tun farkon shekarar korona, bawan Allahn nan ya sayi tikiti biyu, yana ta ƙirga kwanaki kamar mai jiran Sallah. Saura sati biyu aka sa kulle. Aka ɗaga, aka sake ɗagawa, har sau uku. Yaya, shekara biyu da wata huɗu tikitin nan yana cikin fasfonsa. In zai je ofishin biza sai ya cire shi ya ba ni ajiya.

Ummukulthum: Ikon Allah. Ita sarewar fa, ina ya samo ta?

Kausar: A cikin kullen ya yi odarta, 'yar siririya ta ƙarfe, ba ta fi tsinken tsire tsawo ba. Ranar da ya fara hurawa, maƙwabciyarmu, wata dattijuwa 'yar Malay, ta zo tana buga ƙofa da ƙarfi, wai mun manta butar shayi a kan wuta.

Ummukulthum: Wayyo cikina!

Kausar: Na kore shi banɗaki, Walida ta yi kuka. Ya koma matakalar bene, mai gadi ya hana. Ƙarshe sai ya riƙa shiga motar wani abokinsa da ke ajiye a ƙasa, ya rufe gilashi, yana gumi yana busa.

Ummukulthum: Ke kuma kika zuba masa ido?

Kausar: Yaya, akwai abin da ba ku sani ba. Shi ya ce kar in faɗa. Da aka rufe makarantarsu ta Jalan Semarak, duk gwajin da ya yi wata goma sha takwas yana yi ya lalace, babu mai shiga ya duba. Mutumin nan ya daina cin abinci. Sai ya zauna ya zuba wa bango ido tun safe har azahar. Ya rubuta takardar ajiye karatu, ni na gan ta da idona.

Ummukulthum: Subhanallahi. Kuma kullum in mun kira sai ya ce komai lafiya.

Kausar: Haka yake. Bayan salla da addu'a, sarewar nan ce ta dawo min da shi. Duk ranar da ya iya wani sabon sauti, sai ki ga ya hau sama ya buɗe littafi. Shi ya sa na toshe kunnena na bar shi.

Ummukulthum: Allah sarki ɗan'uwana. Allah Ya saka miki da alheri, Kausar. To jiyan?

Kausar: Jiya ƙarfe uku na rana za a fara, tun sha ɗaya ya yi wanka. Ya sa koren kaftani, wai kore ne launinsu. Tun wancan satin ya ja ni kasuwar Masjid India muka bi kantin yadi bakwai, duk koren da aka ɗauko sai ya ce ba shi ba ne. Muka bar Walida wajen dattijuwar nan, muka hau jirgin ƙasa daga tashar Taman Melati. Ko ƙofa ba a buɗe ba muka isa, mu da masu shara.

Ummukulthum: Halo? Kin ɗauke... masu me?

Kausar: Masu shara! Kina jina?

Ummukulthum: Yanzu na ji ki. Ci gaba.

Kausar: Aka auna zafin jikinmu, muka nuna shaidar rigakafi, muka shiga. Kujera ɗaya mutum, ɗaya an ɗaure ta da tef. Aka yi sanarwa: ba tashi, ba rawa, ba cire takunkumi. Sai ga su sun fito su huɗu. Wani ƙato da siket da jan gemu, ya rungumo wani abu kamar an haɗa algaita da salka, yana matse shi a hammata. Wani da ganga mai faɗi kamar faifai. Shugabarsu kuwa wata tsohuwa ce, kai fari fat, da goge a wuya.

Ummukulthum: Tsohuwa da goge? Duniya da faɗi.

Kausar: Yaya, da ta ja gogen nan, ni da aka jawo ni dole sai da tsigar jikina ta tashi. Na waiga in ga ƙaninki, takunkuminsa ya jiƙe sharkaf. Kuka yake. Na ce lafiya? Ya ce, "Kausar, ashe da gaske akwai su."

Ummukulthum: Kai, Shafi'u!

Kausar: Da suka koma mai zafi kuma, tunda an hana tashi, sai mutane suka koma buga ƙafa daga zaune. 'Yan Malay, 'yan Sin, Indiyawa, kowa dib dib dib, har kujeru na rawa. Ni ma ban san sanda takalmina ya fita ba.

Ummukulthum: To ya aka yi ya hau sama? Nan nake jira.

Kausar: Wajen tsakiya tsohuwar ta tsaya ta ba da haƙuri. Wai su biyar suka taso, amma mai busa musu sarewa gwaji ya kama shi, yana otal a killace. Don haka akwai wani kiɗa guda da ba za su yi ba. Da ta faɗi sunansa sai na ji Shafi'u ya ce "wash". Ashe shi ne wanda ya shekara biyu yana koya a mota. Sai ta yi dariya ta ce, sai dai in akwai mai sarewa a aljihu a cikinku.

Ummukulthum: Shi kuma ya yi zumbur ya miƙe.

Kausar: Ina fa. Nutsewa ya yi cikin kujera. Yaya... ni ce na ɗaga hannu.

Ummukulthum: Ke?

Kausar: Ni. Na san tana aljihunsa, da idona na ga ya sa ta. Na miƙe na nuna shi, na ce ga shi nan. Yana jan mayafina yana cewa "ki rufa min asiri", mutane kuwa sun ɗau tafi.

Ummukulthum: Lallai yarinyar nan! Ashe ke ce uwar tafiyar.

Kausar: Masu wurin suka ce ba zai cire takunkumi ba sai an gwada shi. Aka kawo abin gwajin yawu nan take, aka zaunar da shi a gefen dandamali minti goma sha biyar, makaɗan na ta kiɗansu. Ya ce min wallahi addu'a ya riƙa yi ya fito da layi biyu, ya huta.

Ummukulthum: Ya roƙi korona da bakinsa!

Kausar: Allah bai karɓa ba, layi ɗaya ya fito. Wata ma'aikaciya ta ce masa "boleh", wato an yarda, ta tura shi gaba. Tsohuwar ta tambayi sunansa, ta kasa faɗa, sai "Shafi-yuu". Ya sa sarewa a baki, ya hura, shiru. Iska kawai. Na ce shi ke nan, na kashe aurena.

Ummukulthum: Wayyo! Sai me?

Kausar: Sai tsohuwar ta matso ta juya shi, ya ba mutane gefe, ya fuskance ta ita kaɗai. Ta ja gogen a hankali, a hankali, kamar mai lallashin yaro. Ya rufe ido. Yaya, sai ga sauti ya fito siriri, tas, ba gargada. Mai ganga ya shigo, mai salka ya shigo. Ya yi kuskure sau biyu, shi ya faɗa min, ni ban ji ba. Da suka ƙare, dokar nan ta ba tashi, babu wanda ya tuna da ita. Kowa ya miƙe.

Ummukulthum: Masha Allah! Kai, har na ji ƙwalla.

Kausar: Ni kuma... na rangaɗa guɗa.

Ummukulthum: A cikin Turawan?

Kausar: Ta cikin takunkumi. Sai da mai siket ya firgita. Kuma duk an ɗauka a bidiyo, Yaya. Masu shirya wasan sun sa a shafinsu, ɗalibanmu na nan suka yaɗa, ɗazu Najib na gidan Kawu ya kira daga Kaduna yana dariya. Saura sati uku Shafi'u ya kare kundinsa. In Baba ya gani zai ce an tura shi karatu ya zama maroƙi, kuma matarsa ce ta kai shi. Jiya murna ta hana shi cin abinci, yau tsoro. Don Allah ki riga kowa, ki san yadda za ki lallaɓa...

Ummukulthum: Tsaya. Kausar, yi shiru.

Kausar: Me ya faru?

Ummukulthum: Ina jin wata busa daga tsakar gida. Ga guɗa kuma. Ke, Baba ne nake hangowa ta taga, da waya a hannunsa. Nan ya nufo.

Kausar: Na shiga uku! Ki kashe, Yaya, ki ce ba...

Baba: Ummukulthum, da wa kike magana? Ba ni nan. Salamu alaikum. Kausar ce?

Kausar: Wa alaikumus salam. Baba, ina kwananku? Mun same ku lafiya?

Baba: Lafiya. Ina makaɗin?

Kausar: Ya... ya tafi makaranta, Baba. Tun safe. Karatu yake sosai wallahi, saura sati uku.

Baba: Uhm. Malam Alkasim ne ya kawo min wannan abin zaure, a gaban jama'a. Guɗar nan taki ce?

Kausar: Baba, ku yi haƙuri, laifina ne. Shi bai so ba, ni ce na...

Baba: Ban tambaye ki laifi ba. In ya dawo ki faɗa masa abu biyu. Na farko, sati ukun nan kar in ji ya taɓa sarewar nan. Ki karɓe, ki kulle a akwatinki.

Kausar: To, Baba. In sha Allahu.

Baba: Na biyu, hularsa a karkace take. Duk duniya na kallo, ɗana ya tsaya gaban baƙi da hula a karkace. Ke ba ki gani ba da zai fita?

Kausar: Baba... za a gyara.

Baba: A gyara. Ke Ummu, zo ki tura wa Malam Abdulwahidu wannan, shi da kullum yake cika mu da labarin ɗansa na Masar. Ta ina ake turawa? Wannan jan zan danna?

Ummukulthum: Baba, ba wannan wayar ba, kar ka...

Kausar: Halo? Baba? Yaya Ummu? Halo?