Famfon Mai da Bijimin Maƙwabci

A tashar Batsari, Malam Musaddiq na zaune rungume da famfon man motarsa a leda, yana jiran motar Katsina ta cika. Wani dattijo ya leƙa ledar.

"Malam, me ya same shi?"

"Mutuwa ya yi, Baba. In na murɗa makulli, ko gurnani ba ya yi."

"Ka duba fiyus?"

"Lafiyarsa lau."

"To akwai wani ɗan maɓalli gefen ƙafar direba. In mota ta daki abu, shi ke yanke wa famfo wuta, kada mai ya tsiyaye gobara ta tashi. Danna shi kawai ake yi."

"Ta daki me? Tun da mai ya yi tsada take ajiye a gida. Makullin ma yana wurin Hansatu, mai ɗakina."

"Ba abin da ya faɗi a gidan?"

"Katanga ce kawai. Hansatu ta ce bijimin maƙwabci ne ya ture ta, har na kai ƙara wurin mai unguwa."

Malam ya dubi famfon da ke cikin ledar. Can ya miƙe ya ɗauki jakarsa.

"Ka fasa Katsinar?"

"Na fasa, Baba. Bari in je in ba bijimi haƙuri."