Ruwan da Ya Riƙe Tumba

Babur ɗina na sayar na yi kuɗin mota, wanda nake acaɓa da shi daga Vimtim zuwa Mubi. Kai Zira, ajiye wayar nan ka ji. Ni da Tumba, abokina ɗan Michika, muka tafi har Ghana, wani tsohon ƙauyen masunta a bakin teku. Tsoho fa nake gaya muku. Akwai ganuwar dutse da Turawa suka gina tun ba a haifi kakannin kakanninmu ba, gishiri duk ya cinye ta. Baƙi na zuwa ɗaukar hoto, wai su "turis". Tumba "tulus" yake ce musu, har a gabansu.

Wata mai bandar kifi ce ta ba mu ɗaki, kullum faɗa. "Hausa, kun ƙarar mini da ruwa!"

"Mama, mu ba Hausawa ba ne."

"Duk wanda ya zo daga arewa Hausa ne!"

Ni na zauna juya mata kifi, hayaƙi na cin idona. Tumba ya ce ba zai iya ba, ya samu aikin jan raga a kwalekwale. Na ce, "Ka iya ruwa ne?" Ya ce, "A ciki zan koya."

Wata rana da hantsi iska ta tashi. Jirage suka riƙa dawowa ɗaya bayan ɗaya. Na su Tumba ya dawo, babu shi. Na riƙe rigar mai jirgin na ce, "Ina ɗan'uwana?" Ya nuna teku da hannu.

"Mu koma!"

"A wannan iska? Ina da 'ya'ya."

Na shiga ruwa har gwiwa, nan na tsaya, don ni ma ban iya ba. Ina ta kiran sunansa, ko ni ba na jin muryata. Na yi ta zama a bakin tekun nan har mai bandar ta daina yi mini faɗa, ta riƙa kawo mini abinci. Ko takalminsa bai fito ba.

Da na dawo, Michika na fara zuwa. Mamansa na ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce, "Ina kuka binne shi?"

"Ruwa ne ya riƙe shi, Mama."

"To, ku bari rani ya yi. In ruwan ya janye, ku je ku ɗauko mini shi."

Na ce, "To, Mama."