Magen da Ta Daina Cin Abinci

A ɗakin jiran likitan dabbobi, wani mutum ya rungume mage a kwando, kusa da shi wata dattijuwa na riƙe da igiyar tunkiya.

"Me ya same ta, ɗana?"

"Abinci ta daina ci, Inna. Tun da matata ta kwashe kayanta ta tafi, kullum tana kwance a bakin ƙofa."

"Kewa ce."

"Haba Inna! Ina dabba ta san kewa? Tsutsar ciki ce. Sanin abin da ke zuciya sai ɗan Adam, shi ma sai ya koya. Ni kullum da safe nakan tanƙwashe ƙafa, in rufe ido, in ja numfashi, in leƙa cikin raina."

"Me kake tararwa in ka leƙa?"

"Natsuwa zalla. Tafiyarta ko a jikina."

"Madalla. Agogon nan da ke ta zamewa a hannunka, haka ka saye shi?"

"Zafi ne ya hana ni cin abinci kwana biyu."

"To, in an kira ku, ka ce a ba ku maganin tsutsar ku biyu. Amma magen ta fi ka. Ita ba ta rufe ido ba, ta san ƙofar da take kallo."