Ilu Mai Cika Butocin Masallaci

Salamu alaikum mai gabatarwa da masu saurare. Ni ce Hadiza daga Korgom, da ɓacin rai nake rubuto muku.

Ina da ƙane, Ilu, ya haura shekara talatin amma hankalinsa na yaro ne, haka Allah ya halicce shi. Limaminmu, Malam Isuhu, shi ya jawo shi masallaci, ya ba shi aikin cika butoci, ya tsai da shi sahun gaba. In wani ya yi gunaguni, sai Malam ya ce, "Ɗakin Allah ne, ba naka ba."

Malam ya rasu da daminar nan. Ko arba'in ba a yi ba, wani dattijo ya fizgo Ilu daga sahu, wai miyansa na ɓata tabarma. Yanzu a waje yake salla, kusa da takalma. Amma kullum sai ya cika butocin nan, kuma ba wanda ya taɓa ƙin alwala da su.

Jiya ya ce mini, "Yaya, mi na yi masu?"

Malaman da ke saurare, ku amsa mashi. Ruwan da ya ɗebo ya halatta, tsayuwarsa cikin sahu ce ta haramta?